Asabar: yaƙi a inda babu iska

Yau bayan la'asar ɗan 'yar'uwata, wanda yake aji biyar na sakandare, ya zo da kwamfutarsa ya dage sai mun kalli Star Wars na 1977 tare, domin malaminsu ya gaya musu cewa duk rugugin da ake ji a yaƙe-yaƙen fim ɗin ba zai yiwu ba. Ya ce, "Kawu, ashe raina mana hankali kawai suke yi?" Na ce masa ya bari mu kalla tukuna.

Malamin ya yi gaskiya. Sauti girgiza ce da ke buƙatar abin da za ta bi, ko iska ko ruwa ko ƙarfe, kuma a cikin iskar da muke shaƙa tana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. Tun a 1660 masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana yadda ya rataye agogo a cikin tulun gilashi, ya riƙa zuƙe iskar ciki, sai bugun agogon ya yi ta dusashewa alhali bai daina aiki ba. Saboda haka kumbon da ya fashe a sararin samaniya ba zai aika wa maƙwabcinsa ko ƙyas ba. Abin da ya ba yaron dariya shi ne asalin sautukan da muke ji. Ben Burtt, wanda ya haɗa su, ya samo ƙarar bindigogin ne daga bugun wayar ƙarfe da ke riƙe da turken rediyo, kukan jiragen abokan gaba kuwa ya cakuɗa kururuwar giwa ne da ƙarar mota a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Duk da haka na gaya masa cewa ni wannan ƙarar ba ta dame ni ba, domin ina ɗaukar ta kamar kiɗan da ake sa wa fim, wanda babu mai tambayar inda makaɗan suka zauna. Akwai kuma daraktocin da suka zaɓi shiru. A fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, Stanley Kubrick ya bar mai kallo da numfashin ɗan sama jannati kawai a cikin kwalkwalinsa, a Gravity na 2013 kuma ana jin ƙarar kayan aiki ne a daƙushe, yadda girgizarta ke ratsa safar hannu da riga ta isa kunne. Har a Star Wars ɗin kansa, a The Last Jedi na 2017, an ɗauke sauti na 'yan daƙiƙu a lokacin wani mummunan karo, kuma wasu gidajen sinima a Amurka sai da suka liƙa sanarwa cewa da gangan aka yi, ba na'ura ce ta lalace ba.

Inda na tsayar da fim ɗin na mayar da shi baya shi ne wurin da ƙananan jiragen ke karkata fukafuki suna kwana, ɗaya na bin bayan ɗaya. Nan ne babbar ƙaryar take, kuma ta fi ta sauti illa, domin tana dasa wa mutum fahimtar motsi a gurguje ba tare da ya lura ba. Jirgin sama yana karkata ne saboda fukafukansa na dogara da iska, kuma inda babu iska fiffike ado ne kawai. George Lucas, daraktan fim ɗin, bai ɓoye ba cewa ya yi koyi da hotunan yaƙin jiragen sama na Yaƙin Duniya na Biyu da finafinai irin su The Dam Busters na 1955, don haka abin da muke kallo yaƙin 1940 da 'yan kai ne aka mayar da shi cikin taurari. Bisa dokar da Isaac Newton ya wallafa a 1687, kumbon da aka kashe injinsa zai ci gaba da tafiya da gudunsa, ba zai lafa ba, kuma idan ana son tsayar da shi sai an juya shi baya ya zama gaba, a kunna injin a kan hanyar da yake dosa. Shirin talabijin na The Expanse ya kiyaye wannan sosai. Ma'anar wannan doka ga yaƙi kuwa ita ce, wanda ake kora ba ya buƙatar wata dabarar kwana, zai iya juyowa ya fuskanci mai korarsa ya buɗe masa wuta, alhali yana ci gaba da tafiya inda ya nufa.

Da na ga abin ya fara shigarsa, sai na ba shi labarin kumbon Amurka Gemini 4. A watan Yunin 1965 James McDivitt, gogaggen matuƙin jirgin yaƙi, ya yi ƙoƙarin kusantar ɓangaren rokar da ta kai su sama, ya nufe shi kai tsaye ya ba da wuta, amma sai tazarar ta riƙa ƙaruwa, har ya haƙura bayan ya ƙone mai da yawa. A kewayen duniya, idan ka ƙara gudu sai ka hau sama zuwa da'ira mafi faɗi, inda zagaye ke ɗaukar lokaci mai tsawo, sai wanda kake bi ya bar ka. Wanda yake son cim ma na gabansa sai ya rage gudu ya sauka ƙasa kaɗan. Yaron ya sa na maimaita wannan, sannan ya zana da'ira biyu a bayan littafinsa yana bin su da yatsa, yana girgiza kai.

Bayan magariba muka fita tsakar gida da tocila. Hazo ya sauka sosai kwanan nan, kuma sandar hasken ta fito ɓaro-ɓaro har saman katanga. Na nuna masa cewa ƙura ce ke watso hasken zuwa idonmu, kuma a inda babu ƙura babu iska, hasken leza, irin wanda jiragen fim ɗin ke harbawa, zai wuce ta gabanka ba ka gan shi ba. Babu ma zancen kauce masa, tun da haske na cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, isowarsa ita ce ganinsa.

Abin da finafinai suka fi rainawa, a ganina, shi ne tarkace. A allo kumbo na fashewa ya zama dunƙulen wuta, jarumi ya ratsa ta tsakiya ya wuce. A zahiri wutar za ta mutu nan take da zarar iskar cikin kumbon ta watse, ɓaraguzan kuwa babu abin da zai rage musu gudu. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana tafiyar kusan kilomita 28,000 a awa, kuma a irin wannan gudu ɓarɓashin fenti ya taɓa yi wa gilashin kumbon Challenger rami a 1983. Lokacin da ƙasar Sin ta harbo tsohon tauraronta na ɗan'adam da makami mai linzami a 2007, ta bar gutsattsari sama da 3,000 da ake iya bibiya, da yawansu har yanzu suna zagaye.

Ya tambaye ni ko an taɓa harba bindiga a can da gaske. An taɓa. Tarayyar Sobiyet ta ɗaura wa tasharta Salyut 3 babbar bindiga irin ta jiragen yaƙi, amma a kafe take, sai an juya tashar ɗungurungum kafin a saita ta, kuma ba a gwada ta ba sai a farkon 1975, daga ƙasa aka ba da umarni, bayan an tabbatar babu kowa a ciki. Ya ce, "Kawu, wannan ai babu wanda zai biya kuɗi ya kalla." Na ce masa ni zan biya, muka yi ta gardama a kai har aka kira isha'i.