Jitar bas da na harhaɗa da hannuna

Cikin damina kwalin ya iso Kaduna, bayan na yi sati biyar ina jira har na fara cire rai. Da na buɗe sai ga gangar jikin jitar, farin katako ko fenti babu, ga wuya, ga tsirkiya huɗu, ga leda cike da sukurori da wayoyi, sai takarda guda mai zanen da ba ya faɗa wa mutum komai. Samfurin Precision Bass ce, wadda Leo Fender ya fito da ita a Amurka a 1951. Wuyanta ba a manna shi da gam, sukurori huɗu ne ke riƙe shi, shi ya sa ko ni da ban taɓa aikin kafinta ba na ce zan iya.

Wajen fenti na fara cin karo. Na goge katakon da sanfefa kwana biyu, na fesa baƙin fenti, sai zumuɗi ya hana ni haƙuri. Iska duk laima, fentin bai bushe ba na ɗaga, babban yatsana ya bar tambari a baya. Yana nan har yau.

Ɗaura wuya bai ba ni wahala ba. Abin lura kawai shi ne awo: daga ɗan robar da tsirkiya ke kwanciya a kai a saman wuya zuwa jaki, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a gangar jiki, inci 34 ne, kuma ƙarfe na 12 a cikin ƙarafan da ke jere a wuya shi ne tsakiya. Na ari tef a wajen kafintan layinmu na auna sau uku kafin na ɗaure.

Ranar da na jona ta da amfilifaya sai ga wani guuu kamar an tayar da janareta a ɗaki. Ko na taɓa tsirkiya ba ya raguwa. Nan take na yanke hukunci cewa fikof ɗin ne na banza, wato maganaɗisun nan da ke ɗaukar girgizar tsirkiya ya mayar da ita sauti. Ai kayan araha ne, in ji ni. Na sayo wani da kuɗin da ya kusa rabin abin da na biya wa jitar gaba ɗaya, na sa. Gurnanin bai ko gezau ba.

Da abin ya ishe ni na saɓa ta a kafaɗa sai shagon wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Bai taɓa buɗe jita ba, amma bai nuna ko a fuska ba. Ya kwance murfin, ya gyara tabarau, ya ɗora bakin mitarsa ɗaya a kan jaki, ɗaya a kan ƙarfen da ake jona waya. Allura ba ta motsa ba.

"Ɗana, wannan ramin da aka huda zuwa ƙarƙashin ƙarfen nan, me ka sa a ciki?"

"Ban sa komai ba, Baba. Na ɗauka kuskuren masu hudawa ne."

Ya yi dariya har da tari. Ya zare 'yar baƙar waya, ya feɗe bakinta, ya cusa ta ramin ta kwanta a ƙarƙashin jaki, ɗaya bakin ya liƙa shi da dalma a bayan maɓallin ƙara. Ita ce ke haɗa tsirkiyoyi da wayar ƙasa. Sannan ya bi duk inda na yi liƙi ya sake. Nawa dunƙule-dunƙule ne masu toka-toka, don ina narka dalmar a kan ƙarfen liƙi maimakon in dumama wayar ita kanta. Nasa kuwa sai sheƙi. Muka jona, na taɓa tsirkiya, tsit.

Na dawo gida na mayar da tsohon fikof don in gwada. Gaskiya sabon ya fi shi kauri a sauti, amma ba da nisan kuɗin da na zuba ba. Abin da ya fi canja jitar ƙanana ne: na liƙe cikin ramin wayoyi da tef ɗin jan ƙarfe, na sa maɓallai da ba sa ƙarƙara in an murɗa, na cire tsirkiyoyin da suka zo a kwali na sa masu kyau.

Sai hunturu ya shigo. Katakon wuya ya bushe ya tsuke, bakunan ƙarafan suka leƙo ta gefe suna yankar hannu, tsirkiyar E, wato mafi kauri, kuma ta fara zizara kusa da saman wuya. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa da alanki don daidaita lanƙwasarsa. Na sassauta ta kwata ɗin zagaye, na bar ta ta kwana, washegari zizar ta tafi. Bakunan ƙarafan kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar zarto, guda 20 a kowane gefe, bayan na rufe katakon da tef kada in kwarzane shi. Alankin yanzu a aljihun jakar jitar yake zama, don in damina ta sauka sai na sake murɗawa.