Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Littafin Baftisma

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Kawu, na kuma yi alkawarin shiga maganar aurena. Ku yi haƙuri, auren zai jira. Maganar littafin baftisma na cocinmu na Katolika ce ta tokare ni, don gādon da Kawu ya bar mini ke nan, shi da makullin durowar ƙarfe da maganar nan tasa: "Baki yana mantuwa, takarda ba ta yi."

Waɗanda suka san shi sun san ba ya buɗe littafin sai ya wanke hannu ya goge tas. Kowane mutum layi guda ne da lambarsa. Sunan wanda aka yi wa baftisma, rana da wurin haihuwarsa, sunan uba, sunan uwa, uban baftisma ko uwar baftisma (wanda ya tsaya masa a ranar), rana da wurin da aka yi, sai sunan wanda ya zuba ruwan. Ba Kawu ne ya ƙirƙiro ba, doka ta 877 ce a kundin dokokin Ikilisiya na 1983, kuma tushenta ya kai Majalisar Tirent, babban taron shugabannin Ikilisiya, a 1563. Amma gefen shafi na dama, filin nan da sababbin hannu ke ɗauka ado ne, shi ne ran littafin. Nan ake rubuta ƙarfafawa (shafe da mai don tabbatar da bangaskiya), da aure, da naɗin dikin (mataimakin limamin coci) ko fada (limamin coci), da alkawarin dindindin na sista. Duk inda mutum ya yi aure a duniya, dole a aiko da sanarwa zuwa cocin da aka yi masa baftisma, a shigar a gefen sunansa. Shi ya sa mai neman aure ake ce masa ya kawo sabuwar takardar baftisma, galibi wadda ba ta wuce wata 6 ba, da hatimi da sa hannun fada. Tsohon katin da uwa ta adana a ƙasan akwati ba zai nuna ko an taɓa ɗaura wa mutum aure ba.

A nan ɓarna ke shigowa. A ɗaura aure, a ci a sha, takardar sanarwa ta kwana a aljihun wani har ta ɓace. Bayan shekaru mutumin ya dawo neman takarda, gefen shafinsa fari fes, a rubuta masa cewa ba shi da aure. Wa za a kama?

Sai uban baftisma. Doka ta 874 ta ce ya cika shekara 16, ɗan Katolika ne da ya karɓi ƙarfafawa da tarayya (jibin Ubangiji), kuma ba mahaifi ko mahaifiyar yaron ba. Mutum ɗaya ya isa. In biyu ne, namiji da mace. Kirista na wata ɗarika zai iya tsayawa a matsayin shaida kawai, tare da ɗan Katolika, kuma "shaida" za a rubuta a gaban sunansa. Goggo ta yi wata da watanni ba ta amsa gaisuwar Kawu a kan wannan, don ya ƙi rubuta ƙawarta a gurbin uwar baftisma. Har ta koma ga Ubangiji tana cewa taurin kai ne. Ni dai har gobe ina bayansa.

Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu, fadoji sun zo sun tafi. Abin da ya tsaya mini shi ne zuwan wani matashi ofishin coci da kwamfutarsa, yana cewa zamanin littafi ya wuce. Ba na ƙin kwamfuta, tana saurin nemo suna. Amma na ga ya ɗauko farin ruwan gogewa ya shafe sunan wata mata don an rubuta harafi ba daidai ba. Ba a goge littafin baftisma, ba a kankare shi, ba a yage shafi. Layi ɗaya siriri ake ja a kan kuskuren yadda za a iya karanta na farko, a rubuta gyaran a gefe, a faɗi takardar da aka dogara da ita, fada ya sa hannu da kwanan wata. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Baba, ai wannan tsohon yayi ne." A watan Afrilun 2025 ofishin fadar Paparoma, wato Batikan, mai fassara dokokin Ikilisiya ya fitar da bayani cewa ba a share komai daga wannan littafi, ko da mutum ya bar Ikilisiya ya nemi a cire sunansa, sai dai a ƙara bayani a gefe. Na so a ce yana nan ranar, da na karanta masa da kaina.

Na tsallake wani abu. Baftismar gaggawa ita ta fi ɓata. Jariri na bakin mutuwa, kowa zai iya yi masa, ko da ba Kirista ba ne, muddin ya yi niyyar yin abin da Ikilisiya ke yi: ruwa zalla a ka, yana zubawa yana cewa, "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Mai zuba ruwan shi ne mai faɗin kalmomin, ba a raba aikin biyu. Daga nan dole ya sanar da fadan yankin da abin ya faru, a shigar. In yaron ya rayu, a kawo shi coci a cika sauran addu'o'i, ba a sake zuba ruwa. Kawu yakan zaunar da ungozoma ya ce ta maimaita masa abin da ta faɗa, kalma bayan kalma, kafin ya ɗauki alƙalami. Mutane na ganin tsanani ne.

To, a watan Agustan 2020 Batikan ta ce duk baftismar da aka yi da "muna yi maka" a maimakon "ina yi maka" ba ta yiwu ba. Wani fada a Ditroit ta Amurka, wanda aka naɗa a 2017, ya kalli bidiyon baftismarsa ta 1990 ya ji dikin ya ce "muna". Sai da aka yi masa baftisma, da ƙarfafawa, da naɗi, duk daga farko, aka kuma shiga neman mutanen da ya yi wa hidima. A nan kam ko takarda ba ta cece shi ba, don littafi ya ce an yi. Shi ya sa Kawu ke tambayar baki kafin ya ba takarda amana, duk da yana cewa baki na mantuwa.

In littafi ya ƙone ko gara ta cinye shi, doka ta 876 ta yarda da shaidar mutum ɗaya amintacce, ko rantsuwar mai baftismar in da girmansa aka yi masa. In shakka ta ƙi gushewa bayan bincike, sai a yi baftisma bisa sharaɗi. Kafin a kai can: tawada baƙa wadda ba ta dushewa, durowar ƙarfe nesa da bango mai danshi, kuma littafin ba ya kwana a gidan kowa, ko gidan katekis ne. Bishop in ya zo ziyara yana dubawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar auren, da yadda Goggo ta sa baki.