Kafin ka kira mai fenti, ka sa a hau rufin

Ƙannena masu zane da kuke mafarkin kama tsohon shago ku mai da shi wajen baje zane da koyarwa, ku ji ta bakin wanda ya riga ku zubar da kuɗi.

Nawa a Zariya na kama, tsohon shagon tireda ne da ya daɗe a kulle, ana ba ni makulli na ɗauko mai fenti aka shafe bango fari fat, aka yi silin na POP aka jera fitilu, ko sau ɗaya ban ce kafinta ya hau ya duba kwano ba don lokacin rani ne komai a bushe yake. Da ruwan Agusta ya kankama silin ya jiƙe ya fara zubowa, zanen wani abokina da ya ba ni amana ya yi tabo, har yau in mun haɗu sai na sunkuyar da kai. Don haka rufi tukuna, sai kwata, sai wayarin, tsofaffin wayoyin nan a fizge su gaba ɗaya, fenti shi ne na ƙarshe.

Ku duba ƙasan bango ma, in kun ga farin gishiri na fitowa fenti na ɓarewa to danshi ne daga ƙasa, birkila ya kankare tsohon filastan kamar mita ɗaya ya bar shi ya sha iska kafin ya sake. Takarda da danshi ba sa shiri, funfuna ce za ta cinye muku aiki.

Sai maganar haya, nan ne na fi jin jiki. Da baki kawai muka yi da mai shagon, dattijo ne na ji nauyin ce masa mu rubuta, shekara na zagayowa ya ga wuri ya yi kyau ya ƙara kuɗi, to in ce me? Ku rubuta a takarda da shaidu, shekara nawa, nawa ne, kuɗin gyara za a cire daga haya ko a'a.

Kar ku rataye zane inda rana ke bugawa, tana kashe kala musamman zayyanar allo da fentin ruwa, tagar arewa ta fi. Tsakiyar zane ya zama kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, daidai ido. Ƙofar gilas kuma dole ce saboda ƙurar hunturu.

Ni fa na ɗauka tunda Zariya garin zane ne, nan manyan masu zane su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta zane a 1958, ga ɗaliban ABU birjik, masu saye za su yi ta layi. Ina! Masu kallo da ɗaukar hoto ne suka cika wajen, masu sayen yawanci suna Abuja da Legas. Ajin yara na hutu da masu koyon rini da zayyana su ke biyan haya da kuɗin wuta, amma ni sai na ba su ɗan lungu a baya mara taga, warin tinna, ruwan nan na tsinka fenti, ya hana kowa zama, daga baya dole na fasa bango na ba su rabin shagon da famfo da dogon tebur.