Littafin 2020

Yau ina kakkaɓe tsofaffin takardu sai na ci karo da littafin da nake rubuta sakamakon gwajin korona a 2020. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Mutane sun ɗauka gwajin ya ƙare a tsinken audugar da ake cusa musu a hanci. Ina! Wahalar tana ɗakin gwaji: a tsamo ƙwayar halittar cutar daga majina, a zuba sinadarai, na'urar PCR ta ninka ta sau miliyoyi kafin ta bayyana. Ɗigo ɗaya ya gurɓata, aikin yini ya tashi a banza, ga ka cikin rigar kariya a zafin Afrilu.

Abin da har yau yake ba ni mamaki, masu binciken asibitin Charité da ke Jamus sun haɗa gwajin ba tare da ƙwayar cutar a hannunsu ba. Da ilimin cutar SARS ta 2003, 'yar'uwar korona, suka fara, suka daidaita da bayanan da ƙasar Sin ta fitar kan sabuwar ƙwayar cutar. Ranar 13 ga Janairun 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa tsarinsu.

Littafin dai na mayar da shi akwati. Na kasa ƙona shi.