Wat 100 da waya guda, kuma ina cikin gasa

Da yawa cikin masu lasisin rediyon sha'awa gani suke gasa ta masu doguwar hasumiya ce da manyan eriyoyi masu juyawa, wai mai ƙaramar tasha sai dai ya saurara. Ni kam ban yarda ba. Rediyona wat 100 ne, eriyata kuwa waya ce kawai, daifol mai tsawon kusan mita 10 don zangon mita 20, na ɗaure ta daga bishiya zuwa saman ɗaki, kuma da ita nake shiga CQ World Wide, gasar tuntuɓar tashoshi a faɗin duniya, a zagayenta na murya duk ƙarshen Oktoba.

Awa 48 ake yi, daga ƙarfe 00:00 UTC (agogon GMT) na Asabar har Lahadi ta ƙare. Abin da ake musaya bai taka kara ya karya ba, alamar kiranka, 59 (wato ina jin ka sarai), sai lambar shiyyarka cikin shiyyoyi 40 da aka kasa duniya. In ka samu mutum a wata nahiya maki 3 ne, kuma duk sabuwar ƙasa ko shiyya a kowane zango tana ƙara abin da za a ninka makinka da shi.

Ba na zama wuri ɗaya in yi ta kiran CQ, wato duk mai ji ya amsa, da wuya a ji ni. Murɗa rediyon nake a hankali daga ƙasan zango zuwa sama, duk wanda na ji yana kira in amsa masa, in na tarar an yi masa caa mutum hamsin na ihu lokaci ɗaya sai in rubuta mitar a takarda in wuce, anjima na dawo. Amma fa ranar Lahadi ita ce tawa. Lokacin manyan tashoshin nan sun gama da duk masu ƙarfin murya, suna ta kira ba mai amsawa, sabon suna suke nema ido rufe, to a nan za ka ji mutum ya kasa kunne sosai saboda kai, yana cewa maimaita, maimaita harafin ƙarshe, har sai ya haɗa alamarka daidai ya faɗe ta. Wallahi daɗin da nake ji a wannan lokacin ba ya misaltuwa.

Kafin a fara ina bin gida in cire cajojin waya, in kashe fitilun LED, don shuuu ɗin da suke zubawa kan binne siginar da ba ta da ƙarfi.

Don Allah in ka shiga ka tura log ɗinka, wato jerin tashoshin da ka samu, ko da mutum ashirin ka samu. Fayil ne mai tsarin da ake kira Cabrillo, manhaja irin N1MM+ na fitar da shi, kuma da shi ake tantance na sauran. Ba da masu kilowat za a gwada ka ba, akwai rukunin wat 100, akwai na QRP mai wat 5.

Yanzu Mos, wato aika saƙo da gajeru da dogayen sautuka, nake ta bita saboda zagayen ƙarshen Nuwamba, don ƙaramar sigina ta fi ratsa hayaniya da Mos a kan murya.