Furotin nawa ne zai ishi mai ɗaga ƙarfe?

Da na fara ɗaga ƙarfe, maganar furotin, sinadarin abinci mai gina jiki, ce ta fi cika mini kunne a wurin motsa jiki. Kowa da lissafinsa. Har akwai masu rantsuwa cewa in ba ka kwankwaɗi garin furotin da zarar ka ajiye ƙarfe ba, wahalar banza ka sha. Sai na samo ƙaramin sikeli da littafi, na shiga auna abin da nake ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2007, ta sa giram 0.83 a kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ni da nake kilo 70, giram 58 ke nan. Sai dai wannan ma'aunin na tsare lafiyar babban mutum ne, ba na mai neman ƙwanji ba. Ga 'yan wasa, kwalejin likitancin wasanni ta Amurka ta ce daga giram 1.2 zuwa 2.0 a kowane kilo. Wani nazari na 2018 da ya tattara gwaje-gwaje 49 kuma ya nuna cewa in an wuce kimanin 1.6, tsoka ba ta ƙara wani abin a zo a gani. Nan na tsaya: giram 112.

Abin da littafin ya nuna mini ya fi waɗannan alƙaluman amfani. Jimillata ta yini ba ta yi nisa da abin da nake nema ba, rabon ne ya karkace. Da safe kusan babu komai, da dare kuwa faranti ya cika maƙil. Ƙwai ɗaya, duk yabon da ake masa, giram 6 ne kacal. Kofin madara 8. Giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza ya kai 30. Na ɗebe daga na dare na kai safe da rana, kowane ci ya zama kimanin giram 30, ragowar kuma wake da hatsi suka cike, waɗanda da ba na ma sa su a lissafi. Yunwar hantsi ta daina damuna, ciwon jiki bayan atisaye ma na ji ya ragu, ko da yake barcina ya gyaru a lokacin, don haka ba zan ba furotin ladan duka ba.

Garin furotin kuwa abinci ne mai sauƙin ɗauka, shi ke nan. Ranar da na ci na ƙoshi ba na taɓa shi.

Mai ciwon ƙoda lissafinsa daban ne, likita zai yanka masa adadi. Tsofaffi kuma ana so su ɗan haura ma'aunin kowa, zuwa giram 1.0 ko 1.2 a kowane kilo, don tsoka kan zube da shekaru.