Na'urar Ɗumama Ruwa a Kan Rufinmu

Tun da muka ɗora na'urar ɗumama ruwa da zafin rana a kan rufin gidanmu a Jos, na daina hura gawayi da asuba domin wankan yara. Ba ta buƙatar lantarki ko kaɗan, domin ruwa yana bi ta cikin baƙaƙen bututu a ƙarƙashin gilashi, idan ya yi zafi sai ya hau da kansa zuwa tankin da ke sama, mai sanyi kuma ya sauko ya maye gurbinsa. Abin da mai haɗa ta bai faɗa mini ba shi ne, ƙurar hunturu tana lulluɓe gilashin har ruwan ya kasa yin zafi sosai, shi ya sa duk Asabar nake hawa tsani da tsumma da bokiti.